Yadda Lincoln Ya Nemi Kujerar Majalisar Illinois

Mutane da yawa sun san Abraham Lincoln a kan cewa shi ne Shugaban Amurka wanda aka 'yanta bayi a zamaninsa. Amma kaɗan ne suka san cewa ran da ya fara neman mutane su zaɓe shi, kayar da shi aka yi. Labarin wannan faɗuwa, da abin da ya yi bayanta, shi za mu duba a nan.

An haifi Lincoln a Kentucky cikin 1809, iyayensa talakawa ne manoma. In an haɗa duk kwanakin da ya yi a makaranta ba su cika shekara guda ba, sauran iliminsa daga littattafan aro ya samo shi. Cikin 1831 ya sauka wani ɗan ƙauye wai shi New Salem, a bakin kogin Sangamon cikin jihar Illinois, ya kama aikin jiran kanti. Ita Illinois tana da Majalisar Dokoki tata ta kanta, kowace gunduma tana aika wakilai, ana kuwa sāke zaɓe bayan shekara bibbiyu.

Cikin watan Maris na 1832, yana da shekara 23, sai ya buga takarda a jarida ya ce yana neman wakilcin gundumar Sangamon. Babbar maganarsa ita ce a gyara kogin, a share shi, don jiragen ruwa su riƙa kwasar amfanin gona zuwa kasuwa. Bai daɗe da faɗar haka ba sai yaƙi ya tashi tsakanin Turawan jihar da 'yan asalin ƙasar, waɗanda Black Hawk ke ja wa gaba. Lincoln ya shiga soja, 'yan ƙungiyarsa suka zaɓe shi kyaftin. Bai komo ba sai cikin Yuli, saura 'yan makonni a yi zaɓe.

Zaɓen wancan zamani ba irin na yanzu ba ne. Maza Turawa kaɗai ke da ƙuri'a, kuma ba a ɓoye ake yi ba: mutum zai tsaya gaban malaman zaɓe ya faɗi sunan wanda yake so da bakinsa, a rubuta. Mutum 13 suka tsaya, kujeru kuwa 4 ne. Da aka ƙidaya, Lincoln ya zo na 8, da ƙuri'a 657. Ya fāɗi.

To, amma akwai abin lura cikin lissafin nan. A mazaɓar New Salem, inda aka san shi, cikin ƙuri'a 300 ya sami 277. Watau ba ƙinsa aka yi ba, saninsa ne ba a yi ba. Inda aka zauna da shi an yarda da shi, sauran gundumar kuwa mai faɗi ce, sunansa bai kai can ba.

Shekara biyun da suka biyo baya ba su yi masa daɗi ba. Ya haɗa jari da wani, William Berry, suka buɗe kanti, kantin ya karye ya bar shi da bashin da ya yi shekaru yana biya. Amma cikin 1833 ya sami ayyuka biyu ƙanana. Na farko aka ba shi riƙon gidan waya na ƙauyen. Yakan cusa wasiƙu cikin hularsa ya kai wa masu su har gida, jaridun da ke zuwa kuwa sai ya karanta su tukuna. Na biyu ya zama mataimakin mai awon ƙasa, bayan ya koya wa kansa lissafin aikin daga littafi. Wannan aiki ya kai shi gona-gona, yana auna iyakoki da hanyoyi, yana kwana gidajen manoma. Mai raba iyakar gona kuwa, in ya yi gaskiya, maƙwabta biyu ne ke shaidarsa a lokaci guda. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Da zaɓen Agusta 1834 ya zo, Lincoln ya sāke tsayawa. Wannan karo ya sami ƙuri'a 1,376, ya zo na biyu, ya ci. Sai da ya ranci dala 200 wurin wani maƙwabcinsa ya ɗinka tufafin kirki, kāna ya tafi Vandalia, wadda ita ce hedkwatar jihar a lokacin. Wani abokin zamansa a majalisa, John Stuart, lauya ne, shi ya ƙarfafa masa gwiwa ya karanta shari'a, ya kuma ara masa littattafai.

Cikin 1836 aka sāke zaɓensa, ya fi kowa ƙuri'a a gundumar. Wakilan Sangamon a majalisun biyu su tara ne, dogaye ƙwarai, har aka yi musu laƙabi da Dogaye Tara. Su suka yi ta fafutuka har aka yarda cikin 1837 a mai da hedkwata Springfield, babban garin gundumarsu. Cikin wannan shekara kuma Lincoln da wani wakili, Dan Stone, suka sa aka rubuta a littafin majalisa cewa bauta an gina ta bisa zalunci ne. Su biyu rak suka sa hannu.

Kada mai karatu ya zaci duk abin da ya goyi baya ya yi albarka. A 1837 ɗin dai majalisa ta zartar a ciwo bashin wajen dala miliyan 10 don shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa da gyaran koguna, Lincoln na cikin masu zafin goyon bayan shirin. Ba a jima ba ciniki ya lalace a Amurka duka, ayyukan suka tsaya ba a gama ba, jihar ta shekara da shekaru tana fama da bashin. An zaɓe shi a 1838 da 1840, amma sau biyun nan jam'iyyarsa ta Whig ta tsai da shi neman shugabancin majalisa, William Ewing yana kayar da shi. Daga nan bai sāke nema ba sai 1854, ya ci, amma ya ƙi karɓar kujerar don yana neman ta Majalisar Dattawan Amurka, ita kuwa ta kuɓuce masa. Bayan shekara shida, cikin 1860, aka zaɓe shi Shugaban ƙasa.

Da ya waiwayi baya, Lincoln da kansa ya rubuta cewa zaɓen 1832 ne kaɗai jama'a suka taɓa kayar da shi da ƙuri'arsu kai tsaye. Mutumin da ya fāɗi a shekarar nan da wanda ya ci bayan shekara biyu duk ɗaya ne, ba kuɗi ya ƙaru da su ba, bashi ma ya hau kansa. Abin da ya sāke shi ne yawan gidajen da suka ga aikinsa da idonsu.