Daga karan ɗori zuwa takardar shaida: tarihin gyaran ƙashi da hannu

Abaji gari ne na bakin hanya. Duk motar da ta taso daga Lakwaja ta nufi Abuja sai ta ratsa shi. Tun da aka yanko yankin daga tsohuwar jihar Kwara aka haɗa shi da Babban Birnin Tarayya a 1976, tireloli da tankokin mai da baburan acaɓa sai ƙaruwa suke yi. Inda ababen hawa suka yi yawa kuwa, karaya ba ta yankewa. Akwai babban asibiti a garin, ga kuma asibitin koyarwa a Gwagwalada, amma har gobe idan ƙashi ya karye, tambayar farko a gidaje da yawa ita ce: "Ina mai ɗori?"

Ɗori sana'ar gado ce a ƙasar Hausa, ta girmi asibitin Bature nesa ba kusa ba, har a wasu masarautu akwai sarautar Sarkin Ɗori. Yaro yakan fara da riƙe wa mahaifinsa ƙafar majinyaci. Yana kallo ana lalube da yatsa a bambance karaya da tsagewa da targaɗe, a ja gaɓa har bakin ƙashi ya koma mazauninsa, a shafa man shanu, a jera tsagaggen kara, a naɗe da tsumma, a yi tofi. Babu littafi, babu hoton ƙashi. Ilimin yana tafin hannu, kuma wanda ya taɓa ganin gwani yana aiki ba zai raina shi ba.

Turawa ma da irin nasu suka taso. A 1895, a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka, wani mai suna Daniel David Palmer, wanda bai yi karatun likita ba, ya danna ƙashin bayan wani mai share gini, Harvey Lillard, ya ce jinsa da ya daɗe da raunana ya dawo. Nan aka haifi kairofiraktik. Aƙidar Palmer ita ce, jiki yana da basirar warkar da kansa, tana bi ta jijiyoyin da suka fito daga laka, kuma gocewar ƙasusuwan gadon baya ce ke tare mata hanya har cuta ta samu shiga. A ganinsa kusan kowace cuta daga nan take. Ya buɗe makaranta a 1897, aka ɗaure shi a 1906 bisa laifin yin magani ba da lasisi ba, ɗansa B.J. Palmer kuma ya riƙe makarantar ya bunƙasa ta. Sai a 1974 jihar ƙarshe a Amurka, Louisiana, ta yarda ta ba masu sana'ar lasisi.

Bincike bai gaskata babbar da'awar Palmer ba. Danna ƙashin baya ba ya maganin asma ko hawan jini. Abin da aka tabbatar ya fi haka ƙanƙanta, amma ba abin yarwa ba ne: yana rage ciwon baya gwargwado, kusan daidai da motsa jiki da gashin ƙashi na asibiti, yayin da murɗa wuya ke da haɗarinsa ko da ba kasafai ba. Abin da ya ɗaga sana'ar, a ganina, makaranta ce. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2005 ta nemi karatun sa'o'i 4,200 cikin shekara 4, kuma wani muhimmin ɓangarensa shi ne sanin wanda bai kamata a taɓa ba: mai karaya, mai ciwon daji a ƙashi, mai tarin fuka da ya ci gadon baya. A Najeriya, hukumar da aka kafa a 1988 don kula da masu gashin ƙashi ita ce ke yi wa masu kairofiraktik rajista.

Labarin da ya fi kusa da namu na Ingila ne. Hugh Owen Thomas ɗan gidan masu ɗori ne kaka da kakanni daga yankin Wales. Mahaifinsa ya tura shi karatun likita, ya dawo Libaful yana ɗora ma'aikatan tashar jiragen ruwa, ya ƙera wani ƙarfen tallafe cinya da har yau ake kira da sunansa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, Robert Jones, wanda ya taso a hannunsa, ya sa aka riƙa ɗaura wa sojoji ƙarfen, mace-macen karayar cinya suka ragu ƙwarai. Gado ne ya shiga aji ya fito da ƙarfinsa.

Mu ba mu yi wannan haɗin ba. An buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano a 1959, ya kama hanyarsa, masu ɗori suka ci gaba da tasu, kowa na zargin kowa. Majinyaci ne ke biyan kuɗin wannan rashin jituwa. Likitocin ƙashi a Arewa sun daɗe suna kokawa kan yaran da ake kawo musu hannu ya yi baƙi ya ruɓe saboda an tsananta ɗauri jini ya daina gudu, sai dai a yanke. Wannan abu yana ci mini rai, domin karaya ce da za ta warke cikin 'yan makonni. Iyayen kuma ba wauta ta kai su gidan ɗori ba: yana kusa, yana karɓar abin da ya sawwaƙa, ga tsoron da ake yi cewa asibiti yankewa suka sani.

Abin da mai ɗori a Abaji yake bukata bai kai sa'o'i 4,200 ba. Ya bar yatsu a waje yana duba su. In sun kumbura, sun yi sanyi, ko zogi ya ƙi lafawa, ya kwance ɗauri nan take. In ƙashi ya huda fata, ko abin ya shafi wuya da gadon baya, kada ya ja, kada ya murɗa, ya sa a ɗauki mutum a kan katako zuwa Gwagwalada. Sarakunan yankin, ƙarƙashin Ona na Abaji, suna da bakin da za su tara masu ɗori da likitoci a zaure ɗaya a koya wa juna wannan.