Gyaɗar Kudu, Dajin Damargu

Ƴan uwa ɗalibai, duk sanda aka yi zancen yunwar 1973 a nan Gangara, amsar da nake ji guda ce: ruwa ne bai zo ba. Gaskiya ne, bai zo ba. Amma ni ina ganin akwai wani rabin labarin da aka rubuta nesa da mu, a kan teburin ciniki, shekara goma kafin farin ya kai intaha.

Damargu tun asali rumbun gero ce. Ayarin Buzaye na Abzin nan suke sauka su auni hatsi, fatake kuma su wuce da fata da gashin jimina har Tarabulus. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ciniki ya juya baya ga hamada ya fuskanci teku, gyaɗa ta zama sarauniya.

To mu ina ruwanmu da gyaɗa, tunda ƙasarmu ta yi mata bushewa? A nan ne zancen yake. Gyaɗa ta Magarya ce da Matamaye da Tasawa da Maraɗi. Faransa tana sayenta da farashin da ya ɗara na kasuwar duniya, talaka kuwa dole ya samo kuɗin haraji, sai ya shuka. Bayan ƴancin kai gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA a 1962 don ta riƙe fitar da gyaɗar, wadda a lokacin ita ke kawo fiye da rabin kuɗin da Nijar ke samu daga waje.

Ranar 20 ga Yuli 1963 aka sa hannu a yarjejeniyar Yawunde tsakanin ƙasashe 6 na kasuwar Turai da ƙasashen Afirka 18, har da tamu. An yi alkawarin tallafi, an buɗe kasuwa. Amma a ciki an amince cewa farashin gata na Faransa zai janye sannu a hankali har ya dawo daidai da na duniya, kuma kafin ƙarshen shekarun 1960 ya janye. Ku lissafa da kanku: buhu ya rage daraja, haraji bai ragu ba. Me manomi zai yi? Ƙara gona zai yi. Saurar da ake bari ta huta shekaru sai aka shiga nome ta kowace damina. Ƙasa ta gaji, gero ya rasa wuri a kudu, masu neman sabon fili suka yo arewa, wajenmu.

Daminonin 1950 zuwa farkon 1960 sun yi albarka, shi ya ruɗi kowa. Aka sare aduwa da farar ƙaya, aka kafa tunga a inda dā shanun Fulani da raƙuman Buzaye ke kiwo. Ita kanta gwamnati ta hango abin, don a ranar 26 ga Mayu 1961 ta yi dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, layin da ya ratsa kusa da Tanut. Doka dai tana takarda, gonaki suka tsallake ta. Makiyaya aka tura su can ciki inda ciyawa ba ta da tabbas, burtali ya ƙuntata. Da fari ya kama daga 1968 ya yi ta tsananta har 1973, ba saura, ba dajin gudu, rumbu kuma ba tsohon hatsi. Dabbobi suka zube. A Afrilun 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da Diori, a 1975 cuta ta gama da gyaɗar da ta rage.

Ban ce Yawunde ce ta hana ruwa sauka ba, kar wani ya ɗauke ni haka. Cewa nake masu zaman sun auna tan da farashi da kuɗin kwastan, ba wanda aka ɗora wa aikin auna saura ko makiyaya. Ita Tarayyar Turai ma sai a 1999 ta fara binciken illar yarjejeniyoyin cinikinta ga muhalli tun ana kan tattaunawa, shekara 36 bayan Yawunde.

Abin da ya sa na tono wannan, a Yulin 2019 a Yamai aka ƙaddamar da kasuwar bai ɗaya ta Afirka. A lokacin, cikin kayanmu na fitarwa akwai wake da bisashe, Najeriya ce babbar mai saye. In farashin wake ya tashi, gona za ta ƙaru. In na rago ya tashi, garke zai ƙaru. Su biyun kuma fili ɗaya suke nema tsakanin Gangara da Belbeji. Mu da ke karatun noma da tattalin arziki, wannan lissafin ne ya kamata mu iya, da taswira a hannu, kafin wani ministan ya ɗauki alƙalami.