Madatsar Ruwa ta Kainji da Ƙasar Yauri: Waiwaye Adon Tafiya

'Yan uwa mazauna birane, duk sa'ad da kuka kunna fitilar lantarki a Kaduna ko Legas, ya kamata ku tuna cewa akwai hannun ƙasarmu a cikin wannan haske.

A shekarar 1964 ne aka fara aikin datse kogin Kwara a Kainji, zamanin Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka kuwa kammala a 1968. Hikimar aikin ita ce a tare ruwa ya taru ya yi tsawo, sa'an nan a sake shi ta cikin manyan bututu. Ƙarfin gangarowarsa shi ke juya farfelar injuna, su kuma su haifar da wuta, ba tare da an ƙona gawayi ko mai ba. An shirya wa injuna 12 gurbi, amma 8 aka kafa, masu ƙarfin megawat 760.

Kogin namu ya dace da wannan aiki domin cika biyu yake yi a shekara. Akwai farin ruwa na damina, akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga duwatsun ƙasar Gini, ya iso mana a tsakiyar hunturu.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Tafkin da ya taru ya miƙa fiye da kilomita 130, har ya kawo Yelwa. Ya haɗiye tsohon garin Bussa, inda Bature Mungo Park ya halaka a 1806, ya kuma shafe tsibiran da Gungawa suka gada kaka da kakanni, da fadamun albasarsu, da makabartunsu. Mutane fiye da 40,000 aka tayar daga ƙasashen Borgu da Yauri, aka mai da su sababbin ƙauyuka masu gidajen siminti. Bayan Kainji aka gina ta Jebba a 1985, da ta Shiroro a 1990.

An daɗe ana koke kafin a 2010 aka sa hannu a kan dokar kafa hukumar HYPPADEC, domin raya yankunan da madatsun suka shafa, ciki har da Jihar Kebbi. Shekara kusan 10 ta wuce kafin ta kama aiki.

To, wanda bai san abin da ya rasa ba, yaya zai nemi hakkinsa? Dattawan da suka ga tashin nan da idonsu suna ta ƙarewa. Shawararmu ita ce ƙungiya ta naɗa kwamiti ya bi su ƙauye ƙauye, ya rubuta sunayen tsibiran da suka nutse, da inda mutanen kowanne suka koma. Da wannan kundi ne wakilanmu za su tsaya gaban hukuma da hujja a hannu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya albarkaci ƙasar Yauri, amin.