Stubby Clapp: Tarihin ɗan wasan besbol na Kanada

Wasanni 23 kacal Stubby Clapp ya buga a babbar gasar besbol ta Amurka, amma a ƙasarsa Kanada ba a cika samun ɗan wasan da masu sha'awar wannan wasa ke tunawa da shi kamarsa ba.

Dalili kuwa shi ne shekaru 18 da ya shafe yana amsa kiran ƙasarsa, tun daga ƙungiyar matasa har zuwa gasar Olamfik, kafin daga bisani ya koma horar da 'yan wasa.

An haifi Richard Keith Clapp ranar 24 ga watan Fabrairun 1973 a birnin Windsor na lardin Ontario. Laƙabin Stubby, wanda ke nufin ɗan gajere kakkaura, gadonsa ya yi daga mahaifinsa da kakansa.

Mai tsaron cikin fili ne. A wasan besbol, wanda ya doki ƙwallo da sanda sai ya kewaya tasoshi huɗu a guje kafin ya ci maki ɗaya, su kuma abokan hamayya na ƙoƙarin tare ƙwallon su fitar da shi. A tasha ta biyu Clapp ya fi tsayawa, wurin da ke buƙatar zafin nama fiye da girman jiki.

Bugun Winnipeg

Yana cikin matasan da suka ci wa Kanada kofin duniya na matasa a garin Brandon a 1991.

Sai dai a 1999 ne sunansa ya fito sosai, a gasar wasannin ƙasashen nahiyar Amurka da aka yi a Winnipeg. Kanada da Amurka sun yi kunnen doki har aka shiga ƙarin lokaci. A zagaye na 11 Clapp ya doki ƙwallon da ba ta da wani ƙarfi, amma ta faɗi inda babu mai tare ta, Kanada ta yi nasara da ci 7 da 6.

Ga ƙasar da aka fi sani da wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara, doke maƙwabciyarta a wasan da Amurkawa ke ɗauka nasu ne ba ƙaramin abu ba ne. Kanada ta ƙare gasar da lambar tagulla.

A gasar Olamfik ta Athens a 2004 ƙungiyar ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Kyuba ta fitar da ita, sannan Japan ta doke ta a wasan neman tagulla. Bayan shekara biyu, yana cikin 'yan wasan da suka sake lallasa Amurka da ci 8 da 6 a gasar World Baseball Classic ta farko.

Saura ƙiris bai je Olamfik ta Beijing ba a 2008. A lokacin ya riga ya fara aikin horarwa a wata ƙaramar ƙungiya da ke ƙarƙashin Houston Astros, kuma da farko shugabanninta sun ƙi sakinsa. Daga baya suka sauya shawara, ya je ya buga yana da shekara 35. Gasar World Baseball Classic ta 2009 ce ta ƙarshe da aka sa sunansa cikin 'yan wasan ƙasar.

Memphis

Ƙungiyar St. Louis Cardinals ce ta ɗauke shi a 1996 daga jami'ar Texas Tech, kuma ita ce ta ba shi waɗancan wasanni 23 a 2001. Yawancin ƙuruciyarsa a ƙananan ƙungiyoyi ta ƙare, musamman Memphis Redbirds, inda 'yan kallo suka saba ganinsa yana yin alkafura duk lokacin da zai shiga fili. A 2007 ƙungiyar ta jingine lambar rigarsa, wato 10, don girmama shi.

Aikin horarwa

Ya horar a ƙananan ƙungiyoyin Astros da na Toronto Blue Jays, ya kuma jagoranci Tri-City ValleyCats a 2011 da 2012.

A 2015 yana cikin mataimakan kociya Ernie Whitt lokacin da Kanada ta ci zinare a gasar ƙasashen nahiyar Amurka da Toronto ta karɓi baƙunci. Amurka ce dai ta sha kashi a wasan ƙarshe, a ƙarin lokaci, kuma da ci 7 da 6 kamar yadda aka yi a Winnipeg.

Ya koma Memphis a matsayin babban mai horarwa a 2017, ya ci kofin gasar Pacific Coast League sau biyu a jere, aka kuma zaɓe shi gwarzon mai horarwa a duka shekarun biyu. Daga 2019 ne Cardinals ta ɗaga shi zuwa babbar ƙungiyarta a matsayin mai horarwa a tasha ta farko.