Labarin Jimina da Dokar Fataucin Namun Daji

Ya ku 'yan makaranta, in muka tambayi yaron Indabo ko na Wudil ko ya taɓa ganin jimina tana kiwo a daji, sai ya ce a'a. Amma duk wanda ya kalli hawan salla a Kano ya ga gashinta a figini da takalman Sarki, adon da a ke dangantawa da Muhammadu Rumfa, wanda ya ci sarauta daga 1463 zuwa 1499. To, ina tsuntsuwar ta shiga?

A ƙarni na 19 Larabawan Gadamas mazauna Kano su kan sayi gashin jimina da hauren giwa da fatu, su labta wa raƙuma, a keta Sahara zuwa Tarabulus. Daga can sai jirgin ruwa ya kai Ingila da Faransa, inda mata ke ƙawata huluna da gashin. Da kuɗinsa ya hau, maharba suka dinga bin jimina, suna kashe manya, suna kwashe ƙwai. Har a 1911 gwamnatin Afirka ta Kudu ta aiko mutane ƙasar Kano neman iri, suka koma da jiminu wajen 140 a 1912. Ba a jima ba, a 1914, yaƙi ya tashi, yayin ado ya sake, kasuwar gashi ta faɗi warwas. Amma daji ya riga ya yi asara.

Tun 1900 Turawan mulki suka taru a Landan don tsare namun dajin Afirka, sai dai wannan sharaɗi bai yi aiki ba. Nijeriya ta sami dokarta a 1916, aka sake zama a Landan a 1933. Duk da haka da sauran gyara, domin abin da aka hana a wannan ƙasa, gobe sai a tsallaka iyaka da shi a sayar.

Saboda haka a 1973 ƙasashe suka taru a birnin Washintan na Amurka, suka ƙulla yarjejeniyar CITES, ta fara aiki a 1975. Aka kasa dabbobi da tsire-tsire jeri uku. Na farko, waɗanda ke bakin ƙarewa, an hana fataucinsu tsakanin ƙasashe. Na biyu, ba a fita da su sai da takardar izini. Na uku, waɗanda wata ƙasa ta roƙi 'yan'uwanta su taya ta tsaro. Hikimar ita ce, mai saye ya zama mai gadi tare da mai sayarwa. Jiminar Nijeriya da ta Nijar suna jeri na farko, giwar Afirka kuwa aka sa ta ciki a 1989. Nijeriya ta ƙarfafa wannan da Doka ta 11 ta 1985. A Kelle, cikin jihar Damagaram, an kafa wurin kiwon jimina don a mayar da ita daji.

Yanzu mu dubi gida. Ungulu, wadda kakanninmu ba su rasa ta a mahauta ranar kasuwa, ta ragu ƙwarai a Afirka ta Yamma, saboda guba da cinikin kawunanta don magani. A 2015 masana suka lissafta ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Doka tana tsare bakin iyaka, amma sheƙar da ke bayan gari mu ne masu gadinta. Kada mu kwashe ƙwai, kada mu sayi abin da aka hana, don jikokinmu su ga ungulu da idonsu. Allah Ya sa mu gane.