Jayakanthan: Marubucin da Ya Amsa Suka da Littafi

Makon nan kudancin Indiya za mu leƙa, wajen Tamilawa. Mun san jarumansu ta finafinan da ake fassara mana, amma marubutansu ba kowa ya san su ba.

An haifi Jayakanthan a Cuddalore a 1934. Bokonsa bai wuce firamare ba. Yana yaro ya tafi Madras, wato Chennai ta yanzu, ya raɓe a ofishin jam'iyyar Kwaminis yana aiki a maɗaba'arsu. Talakawan da ya zauna da su a birnin, su ne suka cika labaransa daga baya.

Ya taɓa fim ma. A 1965 ya mayar da littafinsa Unnaipol Oruvan fim, shi ya ba da umarni, har ya samu lambar yabo ta ƙasa.

Amma abin da ya sa na ɗauko shi wani gajeren labari ne, Agnipravesam, da mujallar Ananda Vikatan ta buga. Wata ɗaliba ce ruwan sama ya tsare, wani mai mota ya ce zai rage mata hanya, ya lalata ta. Da ta faɗa wa mahaifiyarta, uwar ba ta tara mata jama'a ba. Ruwa ta kwarara mata a ka, ta nuna mata ta tsarkaka, ta rufa asirin 'yarta. Nan fa masu karatu suka yi masa ca, wai ya ɗaure wa ɓarna gindi.

Bai janye labarin ba. Sai ya sake ɗauko yarinyar a littafin Sila Nerangalil Sila Manithargal, ya ba masu sukar ƙarshen da suke so. Wannan karon uwar ta yi kururuwa, magana ta fita, Ganga ta girma da tabon, ta yi karatu ta samu aiki amma ba aure, har ta nemo mutumin da ya cuce ta. Ni dai da aka taɓa kushe wani labarina, goge shi na yi a daren.

Littafin ya ci kyautar Sahitya Akademi a 1972. A. Bhimsingh ya mayar da shi fim, Lakshmi da ta fito a Ganga ta zama gwarzuwar jaruma ta ƙasa. Jayakanthan ya karɓi Jnanpith ta 2002, ya mutu a Chennai a 2015.