Isawa da Mutanen Wusasa

Duk wanda ya bar birnin Zazzau ya nufi gindin dutsen Wusasa, ya ga majami'ar nan ta ƙasa wadda magina Hausawa suka ɗaga da tubali da azara da bakan gizo, tamkar soron wani attajiri, lalle ya kamata ya tambayi asalin mutanen da ke ibada a cikinta, domin tarihinsu ya girmi zuwan Turawa.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi aka yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda nazarin ayoyin da suka ambaci Annabi Isa ya kai shi ga fifita shi da jiran dawowarsa, har malaman fada suka yi masa hukuncin zindiƙanci, aka kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa, waɗanda aka laƙaba wa suna Isawa, suka watsu wajen Ningi da ƙauyukan Zazzau. A 1913 ne waɗansu daga zuriyarsu suka iske Likita Mila, Baturen mishan, wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905, suka karɓi addinin Almasihu, suka kafa gari a Gimi. Ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna a can, ragowar suka dawo Zariya, a 1929 kuwa aka tashi mishan zuwa Wusasa.

Annoba ta wuce, amma gorin da ya biyo baya ya daɗe. Mutumin da aka ce ya yi ridda, ba a cin yankansa, ba a ba shi aure, gadon mahaifinsa ya haramta gare shi, kuma in ya ratsa kasuwa sai ya ji ana raɗa, wai Nasara ya saye shi da magani da boko. Mafi ɗaci, a ganina, ita ce shakkar da aka jefa a kan asalinsa, cewa wai Bahaushe ba ya zama Kirista. Har 'yan'uwansa na addini daga Kudu, in suka ga babbar riga da hula, suka ji sallama a bakinsa, sukan dube shi da zargi.

Amsar da Kiristocin Wusasa suka bayar ba ta jayayya ba ce. Suka riƙe harshensu da suturarsu da ladabin gidajen iyayensu, suka taimaka wajen fassarar Littafi Mai Tsarki wadda ta fito a 1932, suka tura 'ya'yansu makaranta. Daga cikinsu aka sami Dokta Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da John Tafida wanda ya wallafa Jiki Magayi tare da Rupert East, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Har yau da Hausa ake addu'a a waccan majami'a ta ƙasa.